Zaman Makoki a Bakin Teku

Gidan yana kan wani tudu ne a bakin teku, a ƙasar da Kiristoci ɗarika biyu suka daɗe suna kashe juna kafin su gaji. Wasu daga cikinsu ne suka gina shi, domin mutanen da ba sa ga-maciji su zo su kwana a ƙarƙashin rufi ɗaya, su ci abinci a teburi ɗaya, su yi magana idan za su iya. Masu yi wa waɗannan baƙi hidima matasa ne da manya daga ƙasashe daban-daban, kowa ya sa kansa na shekara guda, ba albashi, sai ci da sha da wurin kwana. Ni ma na yi shekarata a can.

Ni malamin makaranta ne a Gusau, amma a wani ƙauye kusa da 'Yandoto aka haife ni, cikin ƙasar Tsafe. Bakina ne ya kai ni ƙasar waje. Akwai wata ƙaramar ƙungiya a garinmu da ke tara manoma da makiyaya a zauna a tattauna, ni kuwa Allah ya hore mini magana, in na miƙe ina bayani a kan zaman lafiya har tafi ake yi. Da aka nemi wanda za a tura ya ga yadda wasu suke yin nasu sulhun, sai aka ce ai ga Malam.

Abin da ban cika faɗa a wuraren taron nan ba shi ne maganar yayana. Ɓarayin daji ne suka harbe shi a gonarsa yana noma, da fartanya a hannu. Muka binne shi, ba a daɗe ba ƙauyen ya watse, mahaifiyata da matarsa da 'ya'yansa suka dawo gidana a Gusau. Har yau ba mu san wanda ya harbe shi ba. Wani da ke tare da shi da ya tsira ya ce dai da Fillanci ya ji suna magana. A wurin taro nakan ce ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma da gaske nake faɗa. Amma in na koma gida na ga yaran nan, sai zuciyata ta faɗi wani abu daban.

Shugabar gidan ce ta tarbe ni da kanta. Tsohuwa ce mai gajeriyar furfura, da takalmin roba har gwiwa, ta fizge jakata ta saɓa a kafaɗa ina roƙonta ta bari. A can kowa da sunansa gatsal ake kiransa, yaro ya kira sa'ar kakarsa kamar abokiyar wasansa. Ni dai bakina ya ƙi. Na sa mata Hajiya, ko da yake ko hanyar Makka ba ta sani ba, ta tambayi ma'anar, ta yi dariya ta karɓa. Muna hawa bene ta ce tana da albishir. Akwai wani ɗan ƙasarmu da ya riga ni zuwa, jiharmu ɗaya, addininmu ɗaya, harshenmu ɗaya, don haka ta haɗa mu ɗaki guda saboda kada kewar gida ta dame mu. Fuskarta cike da farin ciki take faɗa, irin na wanda ya yi abin kirki.

Da ta buɗe ƙofar ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da zuwa, Malam. An zo lahiya?" Ban bukaci a gaya mini ba, Hausar bakinsa ta gaya mini Bafillace ne. Daga wata ruga yake a bayan Bungudu, aikinsa yi wa shanu allura. Na amsa gaisuwa, domin gaisuwa ba a ƙin ta. Na ajiye kayana a kan gadon da ba kowa, na juya masa baya ina ta gyaran abin da ba ya bukatar gyara.

Washegari na sami Hajiya a ofishinta na ce a canza mini ɗaki. Na gaya mata dalili. Ta karkata kai tana saurare, yadda suke yi a gidan nan har mutum ya faɗi abin da bai yi niyya ba. Ta ba ni haƙuri, ta ce ita taswira ta duba, ta ga jiha ɗaya. Amma babu ɗakin da ba kowa sai ƙarshen wata, in har zuwa lokacin ina nan a kan bakana za ta canza mini. Har na miƙe sai ta ƙara da cewa, a makon gaba za a kawo wasu dattawa da za su ci abinci da mutanen da suka kashe musu 'ya'ya, kuma ni zan shimfiɗa musu gado. Na fita raina a ɓace, ina cewa a zuciyata tsohuwar nan ta raina ni. Na yanke shawara tun a kan bene: ƙarshen wata ko dai a raba mu ɗaki, ko in koma Gusau.

Aiki ya ɗauke mini hankali. Ni da nake tsayawa gaban allo da babbar riga, sai ga ni ina cire zanin gado, ina goge banɗaki, ina fere dankalin turawa buhu-buhu. Mutanen nan ba su san wani abinci ba sai dankali. A dafa shi, a gasa shi, a soya shi, a dame shi kamar tuwo, gobe kuma a sake. Bayan kowane abinci kowa sai ya shiga kicin wanke-wanke, har Hajiya, har manyan baƙi, kuma a nan ne ma ake yin hirar gaskiya, ana goge faranti ba a kallon juna. Ruwan sama kuwa ba shi da damina ba shi da rani, yana zuwa ne a karkace, iska na kora shi daga teku. Na sa rigar sanyi a kan rigar sanyi har na daina gane kaina a madubi.

Kowace safiya akan kaɗa ƙararrawa mu zauna a da'ira. Akwai wani dutse mai sulɓi da ake miƙa wa juna, wanda yake riƙe da shi ne kawai zai yi magana, ya faɗi yadda yake ji a ransa. Ni wannan bai ba ni wahala ba, in dutsen ya zo hannuna sai an yi gyaran murya kafin in sake shi. Abokin ɗakina kuwa sai ya karɓa, ya ce lafiya lau, ya gode Allah, ya miƙa gaba. Turawan suka damu, suna tambayata a gefe ko wani abu na damunsa. Na ce musu haka Fulani suke, ko wuta ce ke cin rigarsu ba za su faɗa a gaban mutane ba. Na faɗa ne da gatse, su kuma suka ɗauka ilimi na ba su.

A ɗaki gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. An kwan lafiya, lafiya lau. Mu biyu ne kaɗai Musulmi a gidan, amma kowa shi kaɗai yake sallarsa, in na ga ya shimfiɗa dardumarsa sai in ɗauki tawa in tafi ɗakin wanki. Bai taɓa tambayata dalili ba. Ya lura ba na son a buɗe taga, ya daina buɗewa. In ya dafa shayi sai ya bar rabi a buta, ba ya cewa nawa ne, ni ma ba na sha. Wannan kirkin nasa ya fi komai ba ni haushi, don da ya yi mini rashin mutunci ko sau ɗaya da na sami abin riƙewa. In ba shi da aiki, yana can bakin shinge wajen wani manomi maƙwabcinmu, suna kallon shanu. Turancin manomin ko Turawan gidan da ƙyar suke ji, amma su biyun sai su daɗe suna nuna ƙafar saniya suna gyaɗa kai.

Wata ya kusa ƙarewa, wata safiya muna kicin muna firar dankali, wayarsa ta yi ƙara. Ya fita waje. Da ya dawo ya ɗauki wuƙarsa ya ƙarasa abin da ke gabansa, ya wanke wuƙar ya mayar da ita wurinta, sannan ya je ya gaya wa Hajiya mahaifinsa ya rasu. Ya daɗe yana fama da hawan jini. Ta ce za a nema masa jirgi ya je jana'iza. Ya ce an riga an kai shi, yanzu ma daga maƙabarta aka kira. Ta kasa gane yadda za a binne mutum ɗansa bai ko ji ba, shi kuma bai tsaya yi mata bayani ba. Ya hau sama ya shiga ɗaki.

Gidan ya yi tsit. A wurin abincin rana Hajiya ta sanar da kowa, ta roƙi a ƙyale shi ya samu sarari, kada a ƙwanƙwasa masa, kada a dame shi da magana, in ya shirya zai fito da kansa. Sannan ta ja ni gefe ta ce wani baƙo ya tafi da safe, ɗakinsa ba kowa, in koma can tun yau don abokina ya samu ya kaɗaita. Ta ce ai dama na nema.

Na shiga na kwashi kayana. Yana zaune a bakin gado ya zuba wa bango ido. Na ce Allah ya jiƙan rai, ya ce amin, na fita. Sabon ɗakin ya fi namu kyau, tagarsa tana kallon teku, ga gado ɗaya tak. Na zauna a kai. Abin da nake nema tun ranar da na zo ga shi na samu, ba tare da na sake roƙon kowa ba.

Da la'asar na bi ta ƙofarsa zan sauka. An ajiye tire a ƙasa, da kofin shayi da ya huce har ya yi fata, da biskit, da wasu furanni a cikin kwalba. Wata 'yar aikin sa kai ta zo wucewa, ta cire takalminta ta bi a hankali, ta ɗora yatsa a baki tana nuna mini kada in yi motsi. Na tsaya ina kallon tiren nan. Na tuna ranar da muka dawo daga binne yayana, tabarmi tun daga zaure har bakin hanya, mutane daga Tsafe, daga Wanke, daga Gusau, wasu ko saninsu ban yi ba, duk da hanyar ba lafiya. A lokacin har haushi nake ji, ina so a bar ni in yi kuka. Amma ba a bar ni ba ko na ɗan lokaci, kullum akwai kafaɗar wani a jikin tawa, kuma na san da an bar ni ni kaɗai da ban san abin da zan aikata ba. Yanzu ga mutum ubansa ya mutu, an rufe shi a ɗaki an ajiye masa shayi a ƙofa kamar mai cutar da ake gudu.

Ba zan ce tausayi ne ya kama ni ba, don ba shi ba ne. Fushi ne, irin wanda kan kama ni in na ga ana yin abu ba daidai ba. Na sauka na sami Hajiya na ce mata ba haka ake yi ba. Ta ce yaya ake yi? Na ce a wurinmu ba a barin wanda aka yi wa mutuwa shi kaɗai. Zama ake yi a fili, kwana uku, duk wanda ya ji ya zo. Ba a jira ya shirya, ba wanda yake shiryawa. Ta cire tabarau ta goge, ta ce to in nuna musu.

Muka ture teburan ɗakin cin abinci gefe. Babu tabarma, sai muka kwaso barguna da dardumar ɗakin taro muka shimfiɗa. Na tara su na yi musu darasi, a nan kam malantata ta yi rana. Na ce kowa ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Ba runguma. Ba tambayarsa yadda yake ji, ba cewa ya ba da labarin mahaifinsa. Ka zo, ka ce ya haƙuri, ka zauna shiru gwargwadon yadda za ka iya, ka tashi wani ya zauna. Suka yi ta maimaita kalmomin biyu, suna kashe su suna tayarwa, na ce ya isa haka, Allah ya san nufinku.

Na hau na ƙwanƙwasa.

"Malam, hito, mutane sun zaka gaisuwa."

Ya buɗe ƙofa yana kallona. "Waɗanne mutane?"

"Waɗanda kas samu. Sa hularka."

Ya sa hula ya biyo ni. Da ya ga ɗakin cin abincin ya ja ya tsaya a bakin ƙofa, sannan ya cire takalmi ya je ya zauna ya jingina da bango, inda na ajiye masa matashi. Sai a lokacin na ga abin da ban yi tunaninsa ba. Mai makoki ba ya zama shi kaɗai a gaban masu gaisuwa. Dole akwai ɗan'uwa a gefensa, wa ko ƙane ko baffa, wanda zai riƙa amsawa in bakinsa ya yi nauyi. Na duba ɗakin, ga 'yan ƙasashe kusan ko'ina, duk sun zuba mini ido. Ni na shirya abin, ba wanda zan tura. Na je na zauna a damarsa, gwiwata tana taɓa tasa.

Suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai dafa abinci, mai gyaran lambu, 'yan matan da ke aikin ofis. Kowa ya ce ya haƙuri da irin bakinsa, ni kuma in ce da godiya. Hajiya ta durƙusa da ƙyar, da za ta tashi sai da mutum biyu suka kama ta. Manomin nan ya zo da hularsa a hannu, da warin shanu a jikinsa, ya zauna ya fi kowa daɗewa bai ce uffan ba. Da zai tafi ya ce mini su ma haka suke yi a ƙauyensu, a cika gida a yi ta shan shayi, amma sai in gawar tana nan. Da babu gawa ne suka rasa yadda za su yi. Na ji ɗan nauyi, don a raina na riga na gama yanke wa mutanen ƙasar hukunci.

Abokin ɗakina bai yi kuka ba, ban kuma sa ran zai yi ba. Yana dai jan carbi, kansa a ƙasa. Amma da aka kawo abinci ya ci, kuma na ji numfashinsa ya sauka. Da lokacin kwanciya ya yi na koma na ɗauko bargona daga ɗakin mai kallon teku, don ba a barin mai makoki ya kwana shi kaɗai. Na gaya wa kaina na kwana uku ne.

Haka muka yi, a yi aiki da safe, da rana a dawo kan barguna. A zaman nan ne, tsakanin tashin wani da zuwan wani, ya ɗan gaya mini halin da nasu suke ciki. Ɓarayi sun kore shanun mahaifinsa, bayan nan kuma 'yan banga suka tashe su daga rugar, suka ce ba su yarda da kowa ba. Tsohon ya ƙarasa rayuwarsa a ɗakin haya a gefen gari, yana fita da safe ya tsaya kallon shanun mutane. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin hatsi. Ni ban ce masa komai game da nawa ba.

Ranar uku na shiga kicin na dafa shinkafa da wake, da mai da yajin da mahaifiyata ta daka mini, a matsayin sadaka. Turawa suka ci suna hawaye suna cewa da daɗi. Muka yi addu'a mu biyu, sauran suka sunkuyar da kai suna yin tasu. Da aka watse, saura ni da shi a kan barguna, ya kira gida. Ya yi magana da Fillanci na ɗan lokaci, sannan ya buɗe muryar wayar ya miƙo mini, ya ce Inna ce, in yi mata gaisuwa.

Muryar tsohuwa ce, siririya, ana jin kukan kaji a bayanta.

"Kai ne ɗan 'Yandoto?"

"Ni ne, Inna. Ya hanƙuri? Allah shi jiƙan Baba, shi sa ya huta."

"Amin, amin. Ya ce mani kai kaz zamna mashi. Allah shi yi maka albarka. Na san wajenku, mun taɓa zama can da shanu, tun ana zaman lahiya."

Na ce Allah sarki. Na ɗauka an gama, har zan miƙa masa wayar, sai ta ci gaba.

"Ya gaya mani an kashe maka wa cikin gona. Tun Gusau yaj ji. Tun randa kaz zo shike son yi maka gaisuwa, bai ga huska ba. To ni bari in yi mashi. Ya hanƙuri, ɗana?"

Na dubi abokin ɗakina, kansa yana ƙasa. Ashe duk zaman nan ya sani. Tun da aka kashe yayana mutane ba iyaka sun yi mini gaisuwa, amma ba Bafillace ko ɗaya a cikinsu, ban kuma san ina jira ba sai da na ji daga bakin matar da mijinta bai wuce kwana uku a ƙasa ba. Na buɗe baki in ba da amsar da na yi kwana uku ina bayarwa, ta ƙi fita. Tsohuwar tana can tana jira, tana cewa ko layin ya yanke ne.

Ya matso, kafaɗarsa ta taɓa tawa, ya sunkuya kan wayar da ke hannuna.

"Da godiya, Inna," in ji shi. "Shina ji."